Furen Na Uku

Litinin, 3 ga Maris

Yau na gama fentin ɗakin Kaka. Ruwan madara na sa mata, shafi biyu. Ta ce tunda ta aure ni ban taɓa yi mata abin kirki ba sai yau. Na ce amarya ki bari fentin ya bushe kafin ki fara yabo.

Da na janye kabad na ga firam-firam ɗin nan guda shida a lungu, inda suke tun ina yaro. Furanni ne busassu a bayan gilashi. Baba Tsoho, Allah ya jiƙansa, aikin lambu ya yi a asibiti har ya bar aiki. Duk ranar da Kaka ta haihu sai ya tsinko fure ɗaya ya danne a littafi, in ya bushe ya sa a firam. 'Ya'ya shida, fure shida. Na ukun ja ne, kunnuwa biyar (ni dai kunnuwa nake ce musu). Na marigayiya ne, wadda ta haife ni. Ina shekara biyu ta rasu, ko hotonta babu.

Idon Kaka ya yi yana, a lungu ba za ta gan su ba. Sai na buga ƙusa shida a bangon da ke kallon taga na jera su. Rana na shigowa ta sauka a kansu tas. Ta daɗe tana kallo. Ta ce Allah ya yi maka albarka, maigidana. Na ji daɗi har ban ci abincin rana ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Na leƙa ta. Ta juya gadonta ya fuskanci bangon.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Aiki ya yi yawa, gidan bene ne mai ɗaki tara, ni da Dogo kawai. Dogo surutu, ni shafi. Alhamdulillahi dai, hannu bai zauna ba.

Da yamma na biya. Na tarar tana nuna wa maƙwabciya da sanda: wannan na babban ne, wannan na mai bi masa. Da ta zo na uku ta tsallake ta ce na huɗu. Ni ma tsallakewa nake.

Asabar, 24 ga Mayu

Ban san yadda zan rubuta ba.

Na ukun ya ɗan karkace, na je gyarawa. Da na matsa kusa sai na ga ba ja ba ne kuma. Ya koɗe, ya koma kamar shayin da aka cika wa madara. Bakin kunne ɗaya da katakon firam ya rufe, da na leƙa ta gefe, shi yana nan jawur. Sauran biyar ɗin ma sun yi haske, amma su dama rawaya ne da fari, ba a gane su sosai.

Ni mai fenti. Ni da nake gaya wa masu gida kada su sa ja a bangon da rana ke duka, shi ke fara mutuwa. Fiye da shekara arba'in yana lungu lafiya lau, na zo na gama da shi a ƙasa da wata uku.

Na sauke su duka na ce zan goge ƙura. Na ukun na sa a jaka na taho da shi.

Litinin, 26 ga Mayu

Na yi wauta ta biyu.

Na ce ai launi sana'ata ce. Na haɗa ja da ɗigon ruwan ƙasa a murfin gwangwani har ya yi daidai da na bakin kunnen nan. Wallahi ya yi daidai. Na sayo ƙaramin buroshi irin na masu zane. Na kifa firam ɗin, na cire ƙusoshin baya, na ɗaga kwalin. Ashe kunne ɗaya ya manne da gilashi. Ban ji ko ƙara ba. Na dai ga ya rabu uku, wani guntu ya faɗo a kan wandona.

Na zauna ban motsa ba, ina tsoron ko numfashi ya ɗauke shi. Da bakin takarda na kwashe shi na sa a kwalin ashana.

Fentin ya bushe a murfi. Ban taɓa furen da shi ba, wannan kaɗai na gode wa Allah.

Talata, 27 ga Mayu

Dogo ya kwatanta mini wani mai firam a bayan layin masu gilashi. Santimita ake ce masa, wai ko burodi zai yanka sai ya auna. Dattijo ne, tabarau a kan hanci, yatsunsa duk tabon gilashi.

Ya duba ya duba, ya ce wa ya buɗe? Na ce ni ne, Baba. Ya ce da me za ka yi? Na faɗa masa. Ya cire tabarau ya kalle ni. "Fenti? A kan fure? Kai in kakarka ta yi furfura ma sai ka shafa mata baƙin mai ko?" Na ce da za ta tsaya da na gwada. Ya yi dariya, daga nan ya sake.

Abin da ya gaya mini, na rubuta don kada in manta. Launin da rana ta ci ba ya dawowa, kada wani ya ruɗe ni. Abin da ya rage shi ake tsarewa. Rana kada ta taɓa shi kai tsaye. Danshi ya fi rana mugunta, shi ke kawo fumfuna. Ba a fesa ruwa a gilashin, yana gangarawa ya shige ta ƙasa, ƙyalle busasshe kawai. Kuma fure bai kamata ya jingina da gilashi ba, zai sa masa siririn kwali a gefe ya ba shi tazara.

Na ce kunnen fa? Ya ce zan gwada, amma tabo zai nuna. Ka dawo bayan sati.

Lahadi, 1 ga Yuni

Ta ce ina na uku? Na ce gilashin ne ya tsage. Ta ce to.

Wannan "to" ɗin bai bar ni na ci abinci ba.

Alhamis, 5 ga Yuni

Na karɓo. Na tsaya a kansa yana liƙa guntun ƙarshe da ɗan hantsaki, gam ɗin ko kan allura bai kai ba. Layi biyu sirara sun nuna a kunnen, sai wanda ya sani. Ya toshe bayan da takarda duk zagaye don ƙwari. Allah ya saka wa dattijon nan.

Na kai mata na zauna a bakin gado na faɗi komai. Rana, fenti, kwalin ashana, har ƙaryar gilashi. Ban ɗaga kai ba.

Ta ce miƙo. Ta shafa katakon da yatsa har ta zagaye. Ta ce, "Ɗan nan, shekarata biyu rabona da ganin ja. Kai ma inuwa nake gani, da warin fenti nake gane ka."

Na ce to me kike kallo a bangon kullum?

Ta ce abu shida baƙi-baƙi a jere. A lungu ko hakan ba na samu. Ta ce rana kam laifinmu ne mu biyu, ni ma na ji daɗinta. Ƙaryar ce taka kai kaɗai, kuma ba ka iya ta ba, muryarka sirancewa take.

Na ce ki yafe mini, Kaka. Ta ce sai na yi shawara, miji ba ya samun yafiya rana ɗaya. Amma hannunta na kan kaina lokacin da take faɗa.

Asabar, 7 ga Yuni

Na nemo musu bango. Na kusa da ƙofa babu rana, amma da na ɗora bayan hannu na ji sanyi, banɗaki ne a bayansa. A'a. Na gefen gado ya bushe ƙamas, haske na isa amma rana ba ta sauka. Can na mayar da su, na sa ɗan guntun katako a bayan kowanne don iska ta ratsa. Na toshe ramukan ƙusa na da, na shafe.

Ta ce yanzu sai ta juya wuya. Na juya mata gadon.

Juma'a, 20 ga Yuni

Ruwa kwana uku a jere. Na je na duba bayan kowanne, ba danshi. Na kama ta tana goge na biyu da jiƙaƙƙen tsumma, na ƙwace. Ta ce wai na zama ɗan sandan fure.

Lahadi, 13 ga Yuli

Ina goge na ukun, ban tambaye ta ba, ta fara. Wai ranar da aka haifi uwarka kakanka mai lambu ya makara, furannin da ya yi niyya duk an yanke, sai wannan ya samu a jikin katanga. Wai ita ma haka ta taso, ba a shuka ta a layi ba. Tana cin abinci a tsaye. In ta yi dariya sai ta riƙe ƙofa. Ba ta iya ƙarya ba.

Na ci gaba da gogewa, gilashin ya riga ya fita tun tuni. Na ce sai me kuma? Ta yi ta ba ni har shayinta ya huce.

Ban san tana cin abinci a tsaye ba. Ni ma Dogo kullum sai ya ce in zauna.

Asabar, 2 ga Agusta

Kaka ta ce kowa ya zo ya ɗauki nasa tun tana raye, kada a yi rigima a kan katako. Kawu da su Gwaggo sun ɗauka, na bi kowa har ƙofa da bayanin rana da danshi har suka gaji da ni. Na ukun ya rage shi kaɗai a bango. Na ce a bar mata ko ɗaya ta riƙa gani. Ta ce ta gani ya ishe ta, ɗauki abinka kafin in fasa.

Ban hau mota ba, saboda girgiza. Na naɗe shi a tsohuwar riga na rungumo, na bi gefen inuwa, tafiyar minti arba'in. A kwanar layinmu na haɗu da Dogo. Ya ce me ka ƙanƙame haka kamar jariri? Na ce na Innata ne.

Ya ce au, ya matsa mini hanya.

Ban san daga ina kalmar ta fito ba. Gajiya ce wataƙila. Gobe zan duba bangon ɗakina.