Barakatu Mai Kawo Mini Saiwa

Zuwa ga Yaya Balaraba, a Ilori.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya same ku lafiya. Inna tana nan da sauƙi, shinkafar fadama ma ta yi kyau bana.

Yaya, kin san halin da na shiga tun da al'ada ta ɗauke mini. Zafi ya taso daga ƙirji ya mamaye fuska, gumi ya jiƙa zane sharkaf, ga faɗuwar gaba, ga faɗa da kowa ba dalili. Barakatu, Bafulatanar da ke kawo mana nono daga rugar bayan Gwashi, ita ta lura. Ta ce ita ma ta sha wannan wuya. Mijinta Sanda yake haƙo wata saiwa a daji, na riƙa dafawa ina zubawa a kunu, har na dawo mutum.

Ranar kasuwar da ta wuce na je karɓar saiwar, na tarar da ita tare da Sanda. Tana kwance ƙullin ke nan sai ga 'yan sa-kai da gorori da adduna. Suka ce Sanda yana kai wa ɓarayin shanu labari, wai an sha ganinsa a daji da fartanya. Na yi ta ihu cewa magani yake haƙo mini, ba wanda ya saurara. Suka kayar da shi, suka yi ta sara. Barakatu ta faɗa kansa, adda ta tsaga mata hannu har ƙashi. Ni ma gora ta same ni a kafaɗa. Nono da jini suka gauraya a ƙasa. Nan Sanda ya cika, kasuwa tana kallo.

Yanzu tana ɗakina, ba ci ba magana. An ƙone rugarsu. Maƙwabta sun fara cewa muna ɓoye matar ɓarawo, jiya har jifa aka yi mana. Maigidana Halliru ya ce zai sako ta a motar shanu daga Gummi zuwa wajenki. Don Allah ki karɓe ta, Yaya. Saboda ni mijinta ya shiga dajin nan.

Ki gaishe da Malam Tasi'u da Ummukulsum. Inna tana sa muku albarka.

Ƙanwarki,
Uwani