Takardar Kamfanin da Safiya Ba Ta Taɓa Gani Ba

Zuwa ga Magatakardan Jami'a,
ta hannun ofishin tantance ɗalibai da kuka buɗe a Nasarawa, Birnin Kebbi.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaishe da iyali da duk waɗanda ke aiki a ƙarƙashinka. Ban ambaci sunan jami'arku ba, kuma da gangan na yi. Na bar muku wannan mutuncin ne saboda har yanzu ina zaton akwai abin da ake yi da sunanka wanda ba ka sani ba. In kuwa ka sani, to, sai ka karanta a matsayin tuni.

Sunana Umaru, makanike ne ni a Argungu. Fiye da shekara talatin ina gyaran injin ban-ruwa da injin kwale-kwale a rumfa ɗaya, bakin hanyar da ake gangarawa fadama. Bokona a firamare ya tsaya, saboda haka a yi haƙuri da Hausata, ita gare ni. Na rubuto ne a kan ɗiyata Safiya. Ta nemi gurbi a digirinku na haɗaka, wanda ake karanta injiniyancin lantarki da ilimin kwamfuta tare, kuma Juma'ar nan mai zuwa za ku rufe karɓar takardu. Har yau ba a karɓi nata ba. In aka rufe babu sunanta, shekara guda ta tafi.

Bari in gaya maka wace ce Safiya, tunda ofishinka bai tambaya ba. Tana da difiloma a fannin lantarki, da sakamako mai kyau. Shekara shida ke nan tana aiki tare da ni, da hutu da bayan makaranta, daga baya kuma kullum. Da farko mutane sun yi ta surutu, wai ɗiya mace da sifana. Na bar su da bakinsu. Da famfunan sola suka shigo fadama, ni sai na zama ɗan kallo, don akwatin da ke sarrafa wutarsu ba irin injin da na saba da shi ba ne, ba fiston, ba fulogi. Ita ke buɗe shi, ta sa mitar awon wuta, ta bi wayoyi har ta gano inda ya mutu. Masu surutun nan yanzu in sun zo rumfa ba ni suke nema ba.

Amma akwai inda take tsayawa. A cikin akwatin akwai wani ɗan allo mai ƙwaƙwalwa, in lissafinsa ya rikice babu mai iya taɓa shi a nan, sai an aika Legas. Ranin bara an kira mu Zauro, gonar wani dattijo. Safiya ta gano ciwon tun kafin azahar, amma magani ba a hannunmu yake ba. Kwana tara ana jiran saƙo, shinkafar na bushewa a gaban mai ita. A mota muna dawowa ta ce mini ita wannan ƙwaƙwalwar take son ta koyi rubuta mata umarni. Da ta ji kun buɗe karatun da ya haɗa biyun, sai ta ce an zo wurin. Ni ma na yi murna, ban ɓoye ba.

Ga abin da ya biyo baya, ɗaya bayan ɗaya.

1. Sharaɗin da ya tsiro a bango

Sanarwar da kuka fitar tun farko, Safiya ta buga ta a takarda, tana nan a ajiye. Ta karanta mini ita, ta fassara. Masu difiloma da ke son shiga aji biyu kai-tsaye su zo da sakamakon sakandare mai kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi da fizis da kemistiri, su zo da difilomar, da takardar haihuwa, da shaidar ƙaramar hukuma, da hotuna. Muka haɗa su tsaf. Muka kwana a Gwadangaji gidan ƙanwata, ranar Litinin da safe muka hau keke-napep zuwa ofishinku.

Sai da layi ya zo kanmu ma'aikacin da ke karɓar takardu ya nuna mana bango da bakin biro. Wata farar takarda ce aka manna, wai duk mai difiloma sai ya kawo shaidar aikin hannu na shekara ɗaya daga kamfani mai rajista, a kan takardar kamfanin, da hatiminsa. Na matsa kusa na duba, ko da yake ba Turanci nake ji sosai ba, amma na san sa-hannu in na gan shi. Babu sa-hannun kowa. Babu hatimi, babu tambarin jami'a. Takardar da ke neman hatimi a wurinmu ita kanta tsirara take. Safiya ta buɗe shafinku a wayarta nan take, sharaɗin ba ya ciki. Na tambayi ma'aikacin wa ya manna, ya ce daga sama ne. Ranka ya daɗe, kai ne saman da na sani, shi ya sa na zo gare ka.

2. Shaidar da aka ƙi

Ban yi gardama da sharaɗin kansa ba. Neman wanda ya taɓa aiki da hannunsa abu ne mai kyau, ni ne farkon mai goyon baya. Abin da ofishinku bai sani ba, ko ya ƙi sani, shi ne yadda muke ba da shaida a sana'armu. Mu ba mu da takarda mai tambari. In mai koyo ya ƙware, maigidansa yana tara manyan sana'a, a yi addu'a, a shafa fatiha, a miƙa masa akwatin kayan aiki a gaban jama'a. Daga ranar duk garin ya san an yaye shi, kuma in ya ɓata aikin wani, maigidan za a zo wa. Haka aka yi mini, haka na yi wa duk wanda ya fita daga hannuna, haka na yi wa Safiya bara.

Saboda haka muka koma Argungu, na zauna na rubuta da hannuna abin da ta iya da shekarun da ta yi. Shugaban makanikai na garinmu ya sa hannu. Manoma huɗu da ta yi wa gyara suka dangwala yatsa. Emeka, mai shagon kayan gyara a Birnin Kebbi, wanda muka fi shekara ashirin muna ciniki da shi, ya rubuta lambar wayarsa a ƙasa, ya ce a kira shi, shi ya san wa ke rubuta odar kaya daga rumfarmu. Ranar Laraba muka dawo ofishinku da shaidar.

Ma'aikacin bai karanta ko layi biyu ba. Ya ɗaga ta da yatsu biyu, ya ce wannan wasiƙa ce, ba takarda ba. Ya ƙara da cewa uba ba ya yi wa ɗiyarsa shaida. Na ce to ga mutum shida da ba su haife ta ba. Ya ce ba su da rajista. Raina ya ɓaci ƙwarai, don da furfurata ban taɓa tsayawa inda aka ce maganata ba ta kai ta roba da tawada ba. Na danne saboda yarinyar na tsaye.

3. Shagon tsallaken titi

Da muka juya za mu fita, sai ya sassauta murya ya ce, "Baba, ku tahi can tsallake, akwai mai gyara irin wagga matsala." Bai ce ku nemi wani kamfani ba. Shago ɗaya ya nuna, mai buga takardu da ɗaukar hoto, alhali akwai irinsa kusan biyar a layin. A nan jikina ya fara ba ni, don ruwa ba ya tsami banza. Na ce wa Safiya ta wuce Gwadangaji, ni zan ɗan zauna.

Na zauna a bencin ƙofar ofishinku har la'asar, ina kallo. Yaro zai shiga, ya fito fuska a murtuke, ya tsallaka titi, ya jima kaɗan, ya dawo, ya fito yana dariya. Na roƙi uku daga cikinsu su nuna mini abin da suka samo. Kamfani ɗaya ne a duka ukun, na wani gari mai nisa, hatimi ɗaya kore, har inda tawadar ta ɗan cinye a gefe iri ɗaya ne. Ɗaya daga cikin yaran ɗan unguwarmu ne, ba zan faɗi sunansa ba, don ba shi da laifin da ya kai na manya. Na san shi tun yana rarrafe. Bai taɓa kwana bakwai a jere a wajen Argungu ba, kuma in fitilar gidansu ta mutu mu ake kira. Takardarsa ta ce ya yi shekara biyu yana haɗa manyan injuna.

Sau biyu a wunin na ga mai shagon ya tsallako ya shiga ofishinku ta ƙofar baya, ba sallama, kamar mai shiga ɗakin uwarsa. Ban ga abin da ya miƙa ba, ban ji abin da suka ce ba, kuma ba zan rantse a kan abin da ban gani ba. Amma ina tambaya. Me ya sa sharaɗin bai fito ba sai da aka fara layi, lokacin da babu mai sauran kwanakin zuwa neman takarda ta gaskiya? Me ya sa maganinsa ke jira a tsallaken titi tun kafin a san da ciwon? Biri ya yi kama da mutum, ranka ya daɗe, kuma ba ni kaɗai na lura ba.

4. Nawa laifin

Ba zan wanke kaina ba. Da la'asar ta yi, na tsallaka. Na gaya wa mai shagon abin da ke tafe da ni, bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Shekara nawa kaka so a sa mata, Baba, guda ko biyu?" Na ce guda. Na biya abin da ya ce. Kafin in gama gyara zama, ga takarda da ɗuminta, da sunan ɗiyata, da koren hatimin nan. Na naɗe na sa a aljihu, na ce wa zuciyata ai ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, tunda aikin ta iya shi.

Na kai mata. Ta karanta har ƙasa, ta ninke, ta ajiye a kan tabarma tsakanina da ita. Ta ce, "Baba, in na shiga da wagga takarda, shekara shiddan da na yi a rumfarka ba a yi su ba ke nan. Kuma duk wanda ya tambaye ni wa ya koya mini, sunan wasu zan faɗa." Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Ni da nake korar mai koyo in ya sa wa mutum tsohon fulogi ya ce sabo ne, ga ni na sayo wa ɗiyata ƙarya da kuɗina.

Takardar tana haɗe da wannan wasiƙa, hotonta. Ta ainihin tana wurina, duk ranar da aka nema zan kawo ta da ƙafata, in faɗi yadda na same ta, ko da hakan zai jawo mini hukunci.

Abin da nake roƙo

Ka fito ka faɗa wa jama'a ko sharaɗin nan naka ne. In naka ne, a sa masa hannu da hatimi, a ƙara wa'adi, a kuma karɓi shaidar masu sana'ar hannu, don a duk faɗin fadamar nan kamfani mai rajista nawa ne zai ɗauki ɗan talaka? In ba naka ba ne, a ciro shi daga bango, a binciki wanda ya manna. A ƙirga takardun da ke ɗauke da koren hatimin nan, a kira kamfanin a ji ko akwai shi. Yaran da suka saya kuma kada a kore su, tura su aka yi.

Game da Safiya, ba alfarma nake nema ba. Ku ajiye mata mataccen akwatin famfo a kan tebur, ku ba ta mita, malamanku su tsaya a kanta. In ta kasa, ni da kaina zan ce a cire ta.

Na san abin da wannan wasiƙa za ta iya jawowa. Fayil ɗin ɗiyata ta hannun mutumin da nake ƙorafi a kansa zai bi, kuma fayil ba ya da bakin da zai yi kuka in an tura shi ƙarƙashin tebur. Da mun yi shiru mun miƙa waccan takarda, da tuni an karɓe ta. Saboda haka kafin in aika, na ba ta ta karanta, na ce ko in cire sunanta in sa wani, tunda gurbinta ne a kan layi ba nawa ba. Ta ce a bar shi, sunanta ne.

Allah ya ba ka ikon duba abin da ke ƙarƙashinka, ya haɗa ka da ma'aikata masu amana, ya sa a yi wa 'ya'yanka adalci a duk ƙofar da suka tsaya. Mu dai ranar Juma'a muna bakin ofishinku da takardunmu na gaskiya.

Wassalam.

Umaru Makanike,
Argungu.