Motar da Ba Ta Sauya Murya

Maigida,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, aiki kuma da sauƙi. Mu ma lafiya, sai nauyin ciki, ƙafafuna sun kumbura kamar na aro. Likita ta ce haihuwa ko yau ko gobe, kuma in naƙuda ta tashi kada in tsaya jiran komai, saboda hawan jinin nan.

Motar da ka bar mana ce ta hana ni sukuni. Ita ban ga laifinta ba, Baba ne. Ka san mahaifinka, tirela ya tuƙa har furfura, da kunne yake tuƙi. Ranar da ya kai ni awo, tun daga gida yake karkata kai yana jiran ta sauya giya, ita kuwa murya ɗaya take ja har asibiti. Na maimaita masa bayaninka, cewa irin wannan giyar ba ta da hawa-hawa, bel ne na ƙarfe ke gudu tsakanin faifai biyu. Ya ce motar da ba ta tsayawa ta numfasa ba ta da lafiya. Da wane ido zan yi musu da suruki?

Ka kira shi mana.

Taka,
Mai Ciki

Maigida,

Ina gaisuwa, ya jiki ya aiki? Ni dai zama ya gagare ni, daga ɗaki sai tsakar gida.

Ba ka kira ba, ga shi garin neman gira an rasa ido. Baba ya sayo man giya irin na sauran motoci, ya tsiyaye na motarmu ya ɗura wannan, yana murna ya yi wa jikansa tanadi. Yanzu tana ɓari in an taka ta. Bakanike ya riƙe kai, ya ce ita man kanta take sha, ba ta karɓar baƙo. Ya wanke ya mayar da nata, amma ya ce bel ɗin ya riga ya ji jiki, zai iya tsinkewa ba sallama, sabo kuma bai iso ba. Ka san masu haya ba sa shigowa layinmu saboda hawan tudun nan.

Haushi nake ji, har da naka. Amma in na ga Baba zaune gefen motar, abincinsa na hucewa, sai tausayi ya kama ni. Tsoro nake ji ƙwarai.

Taka,
Mai Ciki

Abban Jaririya,

Barka da arziki, da fatan wannan ta same ka lafiya. Mace ce, mu duka lafiya.

Da rana tsaka naƙuda ta tashi. Baba ya ja mu, muna kama hawan tudun nan motar ta fara ɓari. Na ga ƙafarsa na son danne totur yadda ya saba, sai ya sassauta, ya bar ta tana rarrafe. Ana ta yi mana ham daga baya, ina ihu, gumi na ɗiga daga gemunsa, amma bai ƙara mata ko kaɗan ba. A bakin ƙofar asibiti wani abu ya ce ƙas, ba ta sake motsi ba. Tana can har yanzu.

Da aka miƙa masa jikarsa, bai ko dubi fuskarta ba, kunne ya kara. Ta tsala kuka, ta tsaya ta ja numfashi, ta sake ɗaukar wani sama da na farko. Sai ya ce wannan kam lafiyarta ƙalau, ya juya mana baya yana share ido.

Ka taho gida.

Taka har kullum,
Maman Jaririya