Allurar da Ban Yi Ba

Unguwar Zariya, Maradi
4 ga Fabrairu, 2024

Zuwa ga autata Khaulat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ya karatu, ya zaman Dakar? Babanki da yayyenki duk suna lafiya.

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Gidan nan kullum cike yake, kuma in kika ji muryata hankalinki zai tashi. Hajiya Fadila mai zuwa sarin kaya ce za ta kawo miki.

Ina so ki sake yi mini bayanin aikinki na labo, ɗakin binciken nan naku. Da kika zo hutu kin ce ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna wasu ƴan ƙunshi mitsi-mitsi, kuma ana zaton a ciwon mantuwa su ke ɗaukar gurɓataccen abu daga ƙwaya mai ciwo zuwa mai lafiya. Na yi miki dariya, na ce kin ƙi gadon aikina na ungozoma kin tafi farautar abin da ido ba ya gani. Ki yafe mini.

Ranar Juma'a na je Tsibiri gaisuwar mutuwa. Da na dawo na sauka a tasha, sai na tsaya cak. Na san ni ce Tasalla, na san Maradi nake, amma hanyar gida ta ɓace mini ɓat. Mai kabu-kabu yana tambayar inda zai kai ni, na kasa ba shi amsa. Na zauna kusa da wata mai tuyar ƙosai har sunan unguwarmu ya dawo. Shekara talatin ina bin hanyar nan.

Ba shi ne na fari ba. Kwanaki a matarnite, asibitin haihuwar da nake aiki, na miƙa hannu a ba ni almakashi, sunan ya ƙi zuwa, sai nuni na yi da yatsu. Ba ki yi wayo da kakarki ba. Haka ta fara a Jiratawa, ta ƙare tana kuka a mai da ita gida alhali tana zaune cikin ɗakinta. Ni kuwa shekarata hamsin da huɗu kacal.

Kin ce ƴan ƙunshin nan suna fitowa har cikin jini. In na aiko da nawa, za ki iya gani? Don Allah kada babanki ya ji.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifiyarki,
Tasalla

Maradi
20 ga Maris, 2024

Ɗiyata Khaulat,

Ina gaishe ki, ina yi miki barka da shan ruwa. Ya ibada? Takardarki ta iso, na karanta ta a banɗaki don kada a ga fuskata.

Na gane. Awon jinin bai kai a dogara da shi ba, har yanzu bincike kuke. Kin ce in je Yamai in ga likitan ƙwaƙwalwa, wataƙila gajiya ce ko wani ciwon mai magani. Na ce sai bayan salla. Ga abin da jinkirina ya jawo.

Shekaranjiya da hantsi aka kawo wata mata daga Jiratawa, haihuwarta ta shida. Ni na karɓi ɗan, namiji, lafiyayye. Akwai allurar da muke yi wa mace da zarar ɗa ya faɗo, don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya. Na rubuta a kaye, littafinmu na aiki, cewa na yi mata. Can sai jini ya ɓalle, ya jiƙe zane, ya sauka ƙasa. Hidaya, abokiyar aikina, ta tambaye ni ko an yi allura, na ce an yi, har da rantsuwa. Allah ya sa ba ta tsaya jayayya ba, ta yi mata wata, muka danna ciki, muka sa ƙarin ruwa. Idon matar ya riga ya fara juyewa. Da kyar ta dawo.

Da na je wanke hannu sai na ji abu a aljihun rigata. Kwalbar allurar ce, ko fasa ta ban yi ba. Khaulat, wallahi ina tuna na yi allurar nan. Ina ganin hannuna yana yi. Wannan ya fi komai firgita ni, don yanzu ban san me zan yarda da shi cikin kaina ba.

Hidaya ta ga kwalbar. Ta karɓa ta ce, “Yaya, azumi ne, kowa yana kuskure.” Ta rufa mini asiri, amma tun ranar duk inda na juya idonta yana kan hannuna.

Akwai tambayar da ke cina. Shekara biyu cur na shayar da ke. Ƴan ƙunshin nan suna bin nono? Ko na riga na zuba miki abin da Inna ta zuba mini? Ki faɗa mini gaskiya, kada ki lallashe ni.

Ki sa ni a addu'a lokacin buɗa-baki.
Mahaifiyarki,
Tasalla

Maradi
29 ga Afrilu, 2024

Khaulat ɗiyata,

Sallama da gaisuwa, da fatan kin yi salla lafiya. Nan zafi ya tsananta, amma mun gode Allah.

Da na karanta inda kika ce ciwon ba ya bin nono, kuma ba lalle ɗiya ta gaje shi ba, sai da na yi sujada.

Na ajiye aiki. Da ƙafata na je wurin shugabarmu na faɗa mata komai, har rantsuwar da na yi. Ta nemi in koma awon ciki kawai, na ce a'a, can ma ran mutane ne.

Mun je Yamai. Likita ya faɗa mini kalma biyar ya ce in riƙe, bayan ɗan lokaci biyu kawai na kawo. Ya ce in zana agogo, lambobin suka taru gefe guda ina kallo. An ɗauki hoton kaina. Ya ce alamu sun nuna shi ne, yana farko-farko. Magani zai iya sassautawa, ba ya warkarwa. In masu bincike irinku suna son jinina, su ɗiba yadda suke so. Ko bai amfane ni ba, zai amfani wata.

Na ce “mun je” domin da babanki muka tafi. Ana gobe tafiya, bayan la'asar, na zaunar da shi na fara kewaye-kewaye. Ya ɗaga hannu ya ce in bari. Ya ce ya fi shekara da sani. Shi ke bin bayana yana kashe gas in na bar shi a kunne, shi ke ciro makullai daga cikin frigo ya mai da su kan ƙusa kafin in nema. Tsoro ya hana shi magana, yana ganin in bai faɗa ba abin ba zai tabbata ba. Shekara talatin da biyar muna tare, ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Har yanzu ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Kowace safiya ina jera sunayenku ɗaya bayan ɗaya, in na kai ƙarshe in ce alhamdu lillahi.

Na san kin ce sai Disamba za ki samu hutu. Ki roƙi malamanki su ba ki ko mako biyu ne. Ki zo yanzu, tun ina gane ki.

Allah ya tsare mini ke, ya kawo ki lafiya.
Mahaifiyarki mai ƙaunarki,
Tasalla