Na Ɓuya wa Duniya, Na Ɓace Miki

Zuwa ga Essenam, sanyin idona, iskar tekun da ke shigo mini ta taga idan an ɗauke wuta a Lome, ruwan kwakwar da ake fasa wa wanda rana ta gasa.

Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da wayo ya yi wa yawa har ya zube masa a jiki. Kin daina ɗaga wayata, shi ya sa na koma ga takarda da biro, ni da nake cika baki cewa na fi kowa sanin kwamfuta a unguwar Be.

Kin tuna yammacin da muka zauna a bakin teku muna cin soyayyar doya, yaji ya sa ni hawaye na ce iska ce? Kika yi dariya kika haɗa mini da "Fo" ɗin girmamawa na yarenmu, kika ce, "Fo Selom, kai ko ƙarya ba ka iya ba." A wurin nan na yanke a raina cewa ke zan aura. Da yake kuma ni mai son burgewa ne, na ce ba za ki sani ba sai komai ya kammala.

Sai na shiga duba atamfofi da zobba a kwamfutar shagonmu, wadda muke buga katin biki da sanarwar rasuwa da ita. Ashe shafukan nan bin sawun mutum suke yi. Tanti Akuvi, ƙanwar babana mai shagon, ta buɗe saƙo za ta ɗauko hoton wani dattijo da ya rasu, sai ga tallan zoben aure yana ƙyalli a gefensa. Ta juyo ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Selom, mamacin ne zai yi aure ko kai?"

Kunya ta sa na ɗaura yaƙi. Na sauko da burauza iri-iri, wato manhajar shiga intanet, ina ƙwanƙwasa su kamar mai zaɓen kankana, har na samu wadda ba ta kai gulma gida. Na sa mata mai toshe talla. Na kori 'yan bin sawu, na canja wurin bincike, na umarce ta da ta share tarihin duk inda na shiga da zarar an rufe ta. Kyamara da makirfo ma na hana su aiki, na ƙara da filasta a kan idon kyamarar don kada a ce na yi sakaci. Na miƙe ina jin kaina gwarzo.

Ya farin watana, ta yaya zan san cewa har da ke na kulle a waje? Ranar Lahadi kika kira ni ta bidiyo a kwamfutar daga asibitin da kike aiki a Kara, kika ga duhu, kika ji shiru, ni kuwa ina nan ina ɗaga wa filasta hannu ina kiran sunanki. Da kika zo hutu kika zauna a kujerata a shago, kika tarar da tarihin wayam, ko sunanki babu. Ban manta yadda kika ɗauki jakarki ba. "Namijin da tarihinsa ya yi fes haka," kika ce, "wani abu ya wanke." Na buɗe baki, sai son burgewa ya rufe shi, na tsaya ina kallo ɗan acaba ya tafi da ke.

Ga abin da ya fi ba ni haushi. Sirrin da na ɓoye wa kamfanonin ƙetare, Tanti ta riga ta raba shi a kasuwar Asigame layi-layi. Masu atamfa sun sani, mawaƙan cocinmu sun fara gwajin waƙoƙin biki, mai sayar mana da burodi yana ce mini ango. A faɗin Togo mutum ɗaya na yi nasarar ɓoye wa, ita ce wadda zan aura, ita kuma tana can tana zaton wata nake nema.

Babu wata, Essenam. Abin da na wanke atamfarki ce, da zobenki, da sunanki da nake rubutawa in zauna ina kallo. Tun tafiyarki abinci ba ya wuce mini, teku ma ƙara kawai yake yi mini. Ina tsoro, ban kuma ji kunyar faɗa ba.

Asabar mai zuwa baffannina za su zo ƙwanƙwasa ƙofar babanki da kwalaben gaisuwa a hannu. Kin san yadda ake yi. Zai sa a kira ki a gaban kowa, ya nuna su ya tambaye ki, "Kin san mutanen nan? In karɓi abin da suka kawo?" Idan kika ce ba ki san su ba, za su kwashi kwalabensu su dawo, magana ta ƙare.

Kullum da safe idan na kunna kwamfutar nan, babu shafin da ke gane ni. Kowanne sai ya tambayi ko ni wane ne, wani har ya sa in nuna masa hotunan motoci don ya tabbatar ni mutum ne. Ni na nemi hakan, kuma zan iya jurewa duniya ta manta da ni kowace safiya. Amma ke, idan babanki ya tambaya, don Allah ki ce kin san ni.

Na cire filastar.

Naki, wanda ba zai share ki ba har a rufe shi,
Selom