Kwanon Malam a Wurin Ciyayya

Kura, 6 ga Nuwamba, 1977

Zuwa ga Yaya Kubra,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan ke da Alhaji da yara kuna lafiya, kuma Kaduna ta karɓe ku. Mu ma alhamdu lillahi, sai dai jikin Malam.

Kin san yadda maigidan nawa ya koma tun da ruwan Tiga ya iso gonakinmu. Alkama ta karɓe shi, tumatir ya karɓe shi, tumbi ya fito har yana riga shi shiga zaure. To, tun damina yake shan ruwa kamar raƙumi, ga wani ciwo da fartanya ta ji masa a ƙafa ya ƙi warkewa. Da ƙyar ya je asibiti a Kano. Likita ya ce ciwon sukari ne, in bai rage ƙiba ba ƙafar na iya kai wa ga yankewa.

Malam ya ce shi ba zai ci ganye shi kaɗai muna cin daɗi ba. Sai ni da ƙanwarsa Asta, wadda ke zaune da mu, muka ce mu ma mun shiga, da ma mu ma masu ƙiba ne, ba mu da bakin yi masa dariya. An sallami shayi da burodi da lemon kwalba, tuwo malmala ɗaya, sauran zogale da rama da wake. Shi ya jingine babur ya hau keke, mu kuma mun bar injin niƙa mun koma turmi. Ya hana a faɗa wa kowa, wai kada a riƙa yi masa sannu a kasuwa.

Ya ce takalman da ya roƙi Alhaji ya sayo masa a dakata, tunda bai sani ba ko ɗaya zai buƙata. Da dariya ya faɗa, ni kuwa ban yi ba.

Taki,
Saude

Kura, 15 ga Janairu, 1978

Yaya Kubra,

Ina gaishe ki da kyau, yaya ƙafar 'yarki Hawwa da aka ce ta fara tafiya?

Ki ji abin haushi. Ni da Asta mun zube, igiyar da muke auna ƙugu da ita sau uku ana matsar da ƙullinta. Malam kuwa duk Juma'a yana hawa sikelin buhunan alkama a Kadawa, allurar ko gezau. Ciwon ma yana nan.

Asta ce ta gano. Kin san ciyayyar da suke yi a ƙofar Liman, su bakwai, kowa da kwanon gidansa. Ashe da abokansa suka ga kwanonmu kullum kwaɗon zogale, matansu kuma suka ga mun rame, sai suka yanke cewa karayar arziki ce ta same mu muke rufa asiri. Ba wanda ya tambaye shi dalili. Sai dai kowa ya turo masa tuwon shinkafa da tsoka mafi girma, shi kuma kunya ta hana shi ƙi. Ko kuma daɗi, Allah dai ya sani. Shekaranjiya har damin gero muka tsinta a zaure, babu mai shi.

Na yi dariya, na yi kuka. Mutanen nan da ƙauna za su raba shi da ƙafarsa. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa tsallake maganarsa ba, amma gobe zan zaga gidajen shida. In ya yi fushi ya yi da ƙafa biyu.

Ki sa ni a addu'a.

Saude

Kura, 2 ga Afrilu, 1978

Yayata ta kaina,

Sallama da fatan alheri gare ku duka. Ki yafe shirun, aikin alkama ne.

Na je, na faɗa wa matan komai. Washegari aka buɗe kwano bakwai a ƙofar Liman, duka bakwai ganye da wake! An ce Malam ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, Liman ya yi bisimilla ya sa hannu, babu wanda ya ɗaga kai. Malam ya shigo gida yana huci, kwana biyu ko ruwan alwala sai Asta ke miƙa masa. A na uku ya ce in gaya wa matar Uba, abokin ciyayyarsa, gishirinta ya yi yawa, na san an sauko.

Har yau haka suke ci. Uba ma ya je an auna shi, ashe shi ma da ciwon sukarin yake yawo. Yanzu kekuna huɗu ke jerawa a bakin ruwa da safe, yara na binsu da ihu. Malam ya sauke kilo tara, an kai rigunansa biyu wurin tela.

Jiya muka dawo daga Kano. Likita ya kwance ƙyallen, ya duba, ya danna, ya ce ciwon ya rufe. Da muka wuce Kumbotso Malam ya ce in rubuto miki.

Don Allah ki ce wa Alhaji ya sayo takalman nan, lamba tara. Dama da hagu.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Saude