Sabulun da Goggo ta aiko mini

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin don Allah a ɓoye sunana, don unguwarmu duk cikarta kowa ya san kowa, in ka yi tari a New Bell sai an yi maka sannu daga Akwa. Don Allah ku ba ni shawara, musamman ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, kuma a yi haƙuri da tsawon rubutun, zuciyata ce ta cika.

Ni ungozomar asibiti ce, sage-femme kamar yadda muke cewa a nan Duwala, ina aiki a wata matarnite, wato asibitin haihuwa, a Akwa. Ina cikin ƙungiyar ma'aikatan lafiya 'yan unguwarmu, da nas-nas da ungozomomi da masu gwajin jini. Duk wata muke taro, kuma kafin a fara sai kowa ya miƙe an maimaita alkawarin ƙungiya, cewa ba za mu cutar da marar lafiya ba, ba za mu tona sirrinsa ba, kuma duk wanda ya ga abokin aiki na yin abin da zai iya salwantar da rai dole ya sanar da kwamiti. Daga nan shugaba ya tambaya ko akwai mai magana, a yi shiru, a wuce. A da wannan tambayar ba ta taɓa damuna ba, yawanci ma waya nake dannawa lokacin.

Wadda ta shigar da ni ƙungiyar ita ce Goggo, yayar mahaifina. Ita ta karɓi haihuwata, ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata, ita ta tsaya tsayin daka na yi karatun ungozoma lokacin da dangi ke cewa ya isa haka. Ta yi aikin asibiti har ta yi ritaya, tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, kujerarta a gaba take. Alkawarin nan ma a bakinta na hardace shi. Bayan ritaya sai mata suka ci gaba da zuwa wurinta a gida, saboda Goggo ba ta tsawa, Hausa take musu, kuma matanmu suna tsoron a ce za a yi musu aiki. Duk mun san tana duba masu ciki, na ɗauka iyakarta ke nan.

Wata Juma'a da rana ta kira ni ta ce in zo maza. Na hau bensikin, wato acaɓa, ko hijabi ban daidaita ba. Na tarar da wata maƙwabciyarmu, bari in kira ta Maimuna, kwance a ɗakin Goggo tun safe take naƙuda. Matar nan ta daɗe da aure ba ta samu ciki ba, wannan ne na farko, har kayan jariri mijinta ya gama saye. Ina ɗora hannu a cikinta na ji yaron a gicciye yake. Na waiga sai ga kwalaben allurar ƙara naƙuda a kan faranti, babu komai a ciki. Duk wanda ya san aikin nan ya san ba a yi wa mai irin wannan kwanciyar wannan allura. Muka sa ta a tasi, ga cunkoson masu fitowa daga masallaci, kafin mu isa ta daina ihu, kuma wallahi shirunta ya fi ihun tayar mini da hankali.

Da likita ya tambaya ko an ba ta wani abu, Goggo ta riga ni ta ce a'a. Na bi shi har ƙofar ɗakin aiki na faɗa masa gaskiya, don ran mutum ake magana. Ya dube ni ya ce, "Madame, ça c'est grave," wato abin ya yi muni, ya shige. Yaron bai zo da rai ba. Mahaifar ta fashe, dole aka cire ta. Maimuna ta rayu, amma ita da haihuwa har abada.

Abin da ya fi karya ni, mutanen nan ba su san komai ba. Sun ce ƙaddara ce, kuma ban musa ƙaddara ba. A unguwarmu akwai al'ada, in ungozoma ta karɓi haihuwa sai a kai mata sabulu da turmin zane, a ce na wanke hannu. Mijin Maimuna da kansa ya kawo wa Goggo, ya ce ko da yaro bai tsaya ba ai ta yi ƙoƙari, ba don ita ba da har matar ya rasa. Goggo ta karɓa. Washegari ta aiko mini da rabin sabulun, wai rabona, tunda ni ma na sa hannu. Yana nan a kan kwabata cikin ledarsa, na kasa amfani da shi, na kasa zubarwa.

Na je na sami Goggo mu biyu, na yi mata maganar allurar. Da farko faɗa ta yi, ta ce rabin unguwar nan a hannunta suka faɗo, har da ni mai bakin magana, yau don na sa farar riga zan koya mata aiki. Ta yi ta yi har ta gaji. Sai ta fashe da kuka, abin da ban taɓa gani ba tun ina yarinya. Ta miƙo mini hannayenta, ta ce, "Ɗiyata, ban ji shi a gicciye ba, wallahi ban ji ba." Ta ce yatsunta sun daɗe da yin nauyi, ta ɓoye ne don in ta daina wannan aiki ba ta san ko ita wace ce ba. Ta yi mini alkawari ta bari, na yarda, na koma gida ina kuka amma da ɗan sauƙi a raina.

Ba ta bari ba. Kwanaki ina cefane a kasuwar Dakar ta nan garin wata mata ta tare ni da murna, wai 'yarta ta sauka lafiya a ɗakin Goggo, ko awa biyu ba a yi ba, allura ɗaya kawai. Na yi mata barka na wuce. Yanzu kuma matar ƙanena cikinta ya tsufa, ta ce ita a wurin Goggo za ta haihu kamar kowa a gidanmu. Na ce ta zo asibitinmu, ta yi dariya ta ce, "Yaya, ke da Goggo ta koya wa aiki?" Na bar zancen, don in na ci gaba sai na tona komai.

Na gwada mahaifina, ban ma faɗa masa duka ba, ya ce in na kai yayarsa gaban mutane kada in ƙara taka masa gida. Kuma na san abin da zai biyo baya in na yi magana, za a cire sunanta daga ƙungiyar da ta kafa, a miƙa zancen ga hukuma, Maimuna ta ji abin da ya raba ta da ɗanta, kuma ta ji cewa na sani tun ranar. Tsohuwar da ta goya ni za ta ƙare rayuwarta ba ta iya fita ko bikin suna. In kuma na yi shiru, wata rana za a sake kirana in zo maza, wataƙila matar ƙanena ce zan tarar a kan wannan shimfiɗar.

Ina son matar nan, ba na iya barci saboda ita, kuma ba na iya haɗa ido da Maimuna, wadda har yanzu in ta gan ni sai ta riƙe hannuna ta ce Allah ya saka.

Ranar Lahadi mai zuwa muke da taro. Zan miƙe in maimaita alkawarin nan, Goggo na gaba tana maimaitawa tare da ni, sannan shugaba ya tambaya ko akwai mai magana. 'Yan uwa, don girman Allah ku faɗa mini, in ɗaga hannu ko in sunkuyar da kai? In akwai hanyar da zan tsayar da ita ba tare da na kashe ta da ranta ba, ku nuna mini. Sabulun nan kuma, in mayar wa wa?